Ranar Zanen Taswira

Makon jiya mangwaro na kai musu.
Na tuba.
Taswirar garinmu muke zanawa a farin kwali,
Huwaila ta ɗiga ruwansa gabas da masallaci,
tafki ya fito inda ko rijiya babu.

Rake kuwa, ni da tsintsiya mun san halinsa.

Yau tun asuba na soya gyaɗa cikin yashi,
na murje, na sheƙe a tsakar gida,
kaji suka sami rabonsu.
Busasshiyar aya gwangwani uku,
dabinon Shuwarin,
kantun riɗi girman kwalin ashana,
kowa da ƙunshinsa a tsohuwar takardar lissafi.

Yara goma sha bakwai, tabarma biyu,
inuwar darbejiya.
Ba cokali, ba maiƙo, ba ƙuda,
sai ƙurus-ƙurus da kukan fensir.

Can na hangi Ɗantala
ya jera ƙwallayen dabino a kan kwalin
daga makaranta har bakin kasuwa.
Wai kwalta ce.

Na ɗaga hannu zan share,
na fasa.
Shekara nawa muna jiran wannan hanya?