Matakala Goma Sha Ɗaya

Ni ne Eleuterio, magini,
a wani garin masunta a gaɓar tekun Chile,
inda tudu ke gangarowa har ya tsoma ƙafa a ruwa.
Shekara talatin da biyu ina yi wa garin nan matakala,
ta coci, ta kasuwar kifi, ta ofishin ƙaramar hukuma,
goma sha ɗaya cif, da hannuna na zuba su,
ina taƙama ko tsaga babu.
Ban taɓa tambaya ba, wa suka hana hawa.

Sai ranar da majalisa ta kira zama
kan yadda za a kyautata wa naƙasassu.
Aka jera kujeru a bene, aka dafa shayi,
aka yi jawabi, aka tafa.
Nélida Carimán, mai gyaran agogo,
tana ƙasa a kan kekenta, yayyafi na jiƙa bargon cinyarta.
Ta aiki yaro da 'yar takarda:
"Ku da kuke magana a kaina, ga ni a ƙofa.
Ko ku sauko, ko ku koya mini tashi irin na shirwa."

Suka sauko. Kunya ta riga su isa ƙasa.
A rumfar mai kifi aka ƙarasa zaman,
magatakarda na rubutu a kan akwatin ƙanƙara,
ƙarni na shiga kundin majalisa.
Aka yanke a fasa gefen matakala a yi gangara,
kuɗin kuwa daga kason fentin dandali,
dandalin ya haƙura da koɗaɗɗen launinsa sai shekara mai zuwa.

Ni aka ba aikin. Kwana tara na gama,
na goge cokalin gini, na tsaya jiran yabo.
Ta zo, ta dubi gangarar kamar agogon da ke ƙarya,
ta ce da kansila Ossandón, "Ga keke na aro maka, zauna."
Ya zauna, ya tura, ya kai rabi,
jijiyar wuya ta miƙe, taya ta soma ja da baya,
hula ta yi nata wuri, ni na tare shi da ƙirji.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Wannan ba hanya ba ce, Eleuterio,
matakala ce aka cire wa haƙora."
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni ina waje ina yaba rufi, baki na ta washewa.

Na ɗauki guduma na rushe aikin hannuna.
A karo na biyu ita ce riƙe da igiyar awo,
Floridor makaho na bin gefe da sandarsa,
ya ce a shimfiɗa tsakuwa mai kaushi a bakin hanya
don tafin ƙafa ya karanta inda titi ke farawa.

Yanzu majalisa ba ta sa hannu a zanen gini
sai su biyun sun duba, ɗaya da ido, ɗaya da yatsa,
ana kuma biyan su kuɗin zama kamar kowa.
Ran Laraba akwai yarinya mai fassara da hannu,
kurame sun fara zuwa, ashe sun fi mu iya gardama.

Wa ke bin gangarar yau?
Mai jego da keken jaririnta, mai tura baron kifi,
tsohuwar da ke zuwa biyan kuɗin ruwa,
har ni, tun da sanyin asuba ya sami gida a gwiwa.

Da sauran aiki.
Kantin magani na nan da matakalarsa uku,
motar hayar da ke hawa tudu ba ta rusuna wa kowa.
Nélida ta jera su duka a bayan tsohon rasiɗi,
ɗaya tak ta ja wa layi.

Jiya na kai mata agogona da ya tsaya.
Ta buɗe bayansa, ta hura, ta kara a kunne,
ta ce, "Bai mutu ba. Latti kawai yake yi, irin naku."
Ta miƙo mini shi yana bugawa.