Goge Arba'in a Glasgow

Struan ya saba da ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
mutum talatin, bango na gumi,
jita mai tsagi liƙe da salatif.
Yau ga goge arba'in a bayansa,
kowa da takardarsa,
shi ko baƙi guda bai iya karantawa.

Morag ta ɗaga siririyar sanda.
Ya riga ta shiga, kamar kullum.
Tsohuwar ba ta harare shi ba,
ta dai karkata wuyan hannu,
masu gogen suka biyo shi a guje
kamar kogin Clyde bayan mamako.

Waƙar da ya tsara kan bashin haya
ta taɓo rufin zaure.
Can layi na tara, mai gidan hayar
na share ido da hula.