Gwangwani Biyu

Shekara talatin da huɗu ina gareji a Ƙofar Ƙwaya.
Baƙin mai ya shige farcena, ya ƙi soso, ya ƙi sabulu.
In akwatin giya ya yi kuka na san maganinsa:
a cika shi, a ƙara, har ya yi gyatsa.
Haka maigidana Sada ya koya mani,
ya ce yawan mai bai taɓa ɓata miya ba.

Sai ga Hindatu, autata,
ta dawo hutu da kwamfuta cikin jaka.
Ta share bencina da gefen mayafi,
ta ce, Baba, zo ka ga cikin giya.
Na ce, wace giyar? Gidanmu ba a sha.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na sa tabarau.
Ƙarfe biyu masu haƙora, babba da ƙanensa,
ba murfi, ba noti, ba abin da ya ɓuya.
Man kuwa ta mai da shi tsaba-tsaba kamar gero,
tsaba dubu ɗari shida, in ji ta,
kowace da lissafinta, kowace da inda za ta.
Kwana biyu na'urar ta yi tana nazari
don ta nuna mani ƙiftawar ido ɗaya.
Sau uku ana ɗauke wuta, ana komawa farko.

Ta danna. Haƙora suka juya.
Na ga babban yana kutsawa cikin mai
kamar mai ƙetare gulbi a tsakiyar damina, ruwa iya ƙirji,
yana turewa, yana kwasa, yana watsa wa bango.
Kumfa ta tashi. Shuɗi ya koma ja.
Ta ce, jan nan ƙarfi ne, Baba,
ƙarfin da aka saya da kuɗin gas.
Bai kai ga taya ba, bai niƙa ko tiya guda ba,
ya tsaya aikin maburgi a tukunya,
ya zama zafi, ya bi iska.

Zafin na san shi.
Tafin hannuna ya san shi tun ba a yanke mata cibi ba.
Ban dai taɓa tambayar
daga aljihun wa yake fita ba.

Na yi shiru. Can na ce, man naki ya cika tsabta.
Ina garin ƙarfe? Ina yashi?
Ina wanda Tanimu ke sayarwa a jarka,
rabi sabo, rabi Allah masani?
Da asuba kauri gare shi kamar zuma,
da azahar ya tsinke kamar kunun marowaci.
Ta bar dariya. Ta laluba biro.
Ta ce, sake faɗi, a hankali.

Ran Laraba aka kawo injin matsar gyaɗa daga Batagarawa,
akwatinsa sai ya gasa gurasa.
Na kwance matoshi da lamba sha bakwai,
na tara gwangwanin madara.
Ɗaya.
Biyu.
Na bar wa haƙoran abin da za su tsoma baki kawai,
kamar kaza a bakin kasko.
Hannuna na rawa,
ji nake ina yi wa baƙo rowar abinci.

Muka tayar. Muka ba shi awa guda.
Na ɗora tafi: ɗumi, ba ƙuna ba.
Ita ta auna shi da 'yar bindiga mai jan haske,
ta karanta lamba, ta rubuta.
Ba wanda ya ce wa wani, ka gani?

Gwangwanayen na nan bisa taga, ban zubar ba.
Ƙuda ya faɗa ɗaya.
Jumma'a za ni ziyara Ɗan Takum,
zan tsaya wajen Sada in yi mashi addu'a.
Maganar miyar ce
ban san ta inda zan faro mashi ba.