Lamba Goma Sha Bakwai

Asuba a Ijora, ƙarƙashin gada,
ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba.
Tirelolinmu talatin da ɗaya
sun jeru kamar shanu a mashaya,
kowace da tarinta, kowace da ɗingishinta,
kowane direba da abin da ya ɓoye.

Ni ma na ɓoye.
Kwana tara jar fitila na ƙifta mini ido a bayan sitiyari,
na yanko baƙin salatif na rufe mata baki.
Yini guda a gareji yini ne babu lada,
kuma mai ɗakina a Agege
bai taɓa karɓar uzuri a madadin kuɗin haya ba.

Da can Sallau ne likitanmu.
Yakan ɗora sukundireba a gadon injin,
ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido,
ya ce: nozul na uku ne, ga shi nan yana kuka.
Ƙarar shekara arba'in ta cinye kunnen.
Ya koma Malumfashi,
inda shiru ba ya bukatar gyara.

Yanzu Hansatu ce, 'yar ƙanensa,
da na'urar da ba ta fi tafin hannu ba.
Ta durƙusa, ta laluba ƙasan sitiyari, ta soka waya.
Ba ni ta tambaya ba.
Motar ta tambaya,
motar kuwa ba ta iya kara ba.

Haruffa suka hau allo, lambobi na biye.
Ta ce: ruwan lagireto ya wuce kima sau goma sha ɗaya.
Ta ce: iskar birki na zurarewa, kaɗan-kaɗan,
kamar gishiri daga hujin buhu.
Sai ta yi shiru, ta ɗago.
Ran Laraba, uku da kwata na dare,
ka taka birki da dukan ƙafarka.
Me ka gani, Baba Jatau?

Ban ga komai ba.
Idona ne ya rufe kafin Shagamu,
na buɗe shi a bakin rami.
Ko karen motata ban gaya wa ba.

Alhaja Morenike, mai motocin, ta ɗauki alli,
ta rubuta a bango da Hausarta ta kasuwa:
sha bakwai, hutu kwana biyu.
Ta ƙara layi a ƙasa: mota da direba.
Na yi gunaguni har Oshodi.
Na yi barci kamar an binne ni.

A yini na biyu Barau ya kira.
Shi wani kamfani yake ja wa,
inda ba a duba mota sai ta faɗi.
Kwantenar kifin ƙanƙara daga Tinkan,
injin ya tafasa a tsakiyar gada,
Ikko ta tsaya a bayansa tana hon,
'yan tasha sun kewaye, masu janwe na ciniki,
ƙanƙara na ɗiga, rana na dariya,
kafin la'asar ƙudaje sun san labari.
Ɗan tiyo ne, in ji shi,
bai kai kuɗin tuwo kwano biyar ba.

Ban ce masa komai ba.
Irin tiyon Hansatu ta ciro daga tawa,
ta ajiye mini a hannu, ya yi laushi kamar dafaffen kuɓewa.

Yau na ɓare salatif ɗin.
Ya bar danƙo a gilashi, na goge bai fita ba.
Na tada injin, na saurara irin na Sallau,
ban ji komai ba sai lafiya.
Fitilar ta kama, ta dube ni,
ta mutu don kanta.
Na sa giya, na nufi Apapa.