Harajin Raɓa

Ɗaki biyu ne a bayan zaurenmu,
nan Garwa, kan tudun hanyar gada.
Babana ya gina su da jar ƙasa
don fataken da ke hawowa Binuwai da gishiri.
Bai taɓa tambayar kowa takarda ba.
Buta yake miƙawa, sai tabarma,
in gari ya waye a yi zancen la'ada.

Ni na gaje su. Na sa kwano, na ja wuta,
na sayi fanka mai kukan tsohuwar akuya.
Masu kifin Lagdo kan kwana biyu,
direbobin auduga uku, in taya ta fashe,
mai jinya kuwa sai yadda likita ya ce.

Ran wata Talata sai ga yaron meriya,
Saliyu sunansa, da jakar takardu a hammata,
takalminsa ya fi goshina sheƙi.
Ya ƙirga ƙofa, ya ƙirga taga,
ya leƙa bayan gida, ya rubuta wani abu.
Ya ce, Baba Ɗantani, gidanka ya zama sana'a.
Akwai lampo na shekara,
akwai kuɗin kwana a kan kowane kai,
akwai tambur, akwai hoto huɗu,
a rataye jar kwalbar kashe gobara a nan,
sunan baƙo kuma ya isa komisariya
kafin shayinsa ya huce.

Na ce, yaro, ai baƙo raɓa ne.
Ya ce, to, raɓar ma a rubuta ta.

Ya bar mini littafi mai gida-gida:
suna, gari, lambar kati, dare nawa, sefa nawa.
Jikata Habsatu ke riƙe da biro,
ina faɗa, tana taunar murfinsa.

To wane gida zan sa Mal Bakari,
da ya kawo matarsa tiyata daga Figil,
ya kwana tara, ya biya ni da buhun albasa?
Albasa nawa ce rabon gwamnati?
Ina layin ɗan Cadin nan da aka yashe a tasha,
ba kati, ba guzuri, sai rigar wuyansa?
Habsatu ta ce, Kaka, babu gurbinsa.
Na ce, bar shi, wannan littafinsa daban ne,
Mai duba shi kuma ba Ya neman tambur.

Sau huɗu na taka zuwa meriya.
Tagar farko ta tura ni ta uku,
ta uku ta tafi sallah,
ta biyu ta ce hotona ya yi duhu.
Na dai zube jaka goma sha biyu da 'yan kai,
aka ba ni rasit mai shuɗin hatimi,
na manna shi inda Baba ke rataye carbi.
Ba zan ci haƙƙinsu ba:
bana an yashe kwalbatin layinmu.
Wataƙila har da albasata a ciki.

Sai ga Agusta. Ruwa ya kwana uku yana zuba,
Binuwai ta taso, ta shiga gidajen gangare ba sallama.
Tsakar dare aka buga ƙyaure.
Saliyu ne, takalmi a hannu, katifa a ka,
matarsa a baya, jariri a goye yana tari.
Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.
Na miƙa buta, na shimfiɗa tabarma,
na tayar da akuyar fankar saboda sauro.

Da safe ya same ni a zaure, ido a ƙasa.
Ya ce, Baba, kawo littafin.
Ya rubuta sunansa da hannunsa,
ya cike gari, ya cike lambar kati.
Da ya iso gidan dare nawa, biro ya tsaya,
ya ɗaga kai, hadari bai watse ba.
Da ya iso gidan kuɗi, sai ya dube ni.

Na ce, sha kununka tukuna.
Kada ya huce kafin komisariya ta ji.