Minti Goma Sha Biyar

Tabon nan man suya ne ya ba ni,
ranar da kaskon sambusa ya tofa mini wuta a kunci,
azumin bara, a kicin ɗinmu na Gulail
mai taga ɗaya, ita ma bango take kallo.

Aikina goge asibitin fata a titin Tahliya.
Ina shiga da la'asar, in fito Jidda ta fara gyangyaɗi.
Na san matan da direba ke saukewa,
su kwanta ƙarƙashin jar fitila
kamar gurasa a tanda,
su tashi, su biya, su bar mini sawun takalmi.

Luz, nas ɗin Filifin, ita ta kama haɓata wani dare,
ta juya ni wajen haske, ta ce, Kubura, zauna.
Ta rufe mini ido da tabarau kamar ɓawon gyaɗa biyu.
Na ce, kwana nawa?
Ta ce, ba da kwana ake ƙirga wannan ba.
Wata sati takwas, wata sha biyu,
wata ta gama ta koma da abin da ta zo da shi.
Sau uku a mako. Kada ki yi fashi.

Ni da na saba da lalle,
a ƙunsa da dare, gari ya waye ya nuna!

Satin farko, babu.
Na biyu, babu.
Na kusa cinye madubin banɗaki da ido.
Na uku na ce wannan fitila 'yar damfara ce,
ba zafi, ba ɗaci, ba raɗaɗi,
wane irin magani ne ba ya ko sa ka yamutsa fuska?

Amma bari in faɗi abin da ke bayan fatar ido.
Ja ne, jan zoɓon da aka tace sau biyu,
irin wanda nake gani ina yarinya a bakin kogin Haɗeja
in na rufe ido na ba rana fuska,
wanki na bushewa a kan ciyawa.
Minti goma sha biyar babu mai kiran sunana.
Bokiti na jira. Tsumma na jira.
Shekara tara ban san hannuna
na iya zama a cinya haka kawai ba.

A sati na biyar barci ya sace ni,
Luz ta bar ni har injin ya yi ƙara ya mutu.

A na tara Mardiyya ta kira ni ta bidiyo daga gida.
Ta ce, Umma, me kika ci? Fuskarki ta sauka.
Na matso da kuncin kusa da waya, na ce, duba nan.
Ta ce, au, tabon? Yana nan.
Goshinki nake nufi.

Gaskiyarta. Ya dai sauka daga launin gawayi
zuwa na shayin da aka ɗiga wa madara,
in ba ni ba, ba mai lura.

Ranar sati na sha ɗaya Luz ta tafi,
kwantiraginta ya ƙare, mabuɗin ɗakin ya koma wani aljihu.
Har yau ina goge fitilar, gaba da baya,
ban sake ganin ta a kunne daga ƙasa ba.

In kin tambaye ni tsawon lokacin da yake ɗauka,
zan ce ban kai ƙarshe ba, ban sani ba.
Sai dai ranar Juma'a, in rana ta gangara Bahar Maliya,
ina hawa saman bene, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya,
in rufe ido.
Maƙwabciyata na tsammanin addu'a nake yi.
Ban gyara mata ba.