Baƙuwar Zango Ɗaya

Ximena ta sauka Tartu daga Valdivia
da akwati guda, rabinsa duwatsu.
Muka ba ta teburin marigayi Aksel,
mai gurguwar ƙafar nan.

Ran Talata ta koyar da girgizar ƙasa
ga ɗaliban da ƙasa ba ta taɓa motsi ƙarƙashinsu ba.
Ta jijjiga teburin, aji ya kwashe da dariya.
Ban da ita.

Daren Asabar muka kai ta ɗakin sirace.
Ta fito tana turiri, ta tsoma ƙafa a kogin ƙanƙara,
ta zage mu tas da Sifaniyanci.

Da rana ta fara daɗewa, ta koma gida.
Ta bar baƙin dutse ɗaya
ƙarƙashin gurguwar ƙafar.
Teburin ya daina rawa.
Kullum da safe sai na ɗan tura shi, in ji.